ƊAN ƘARAMIN ALLON RUBUTU DA YA GA BAYAN KWAMFUTA UKU

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya yi wayo a zamanin tafireta ya san yadda akawu yake ji da kekensa na rubutu. Ba ya yarda kowa ya taɓa masa shi. Idan an tashi daga aiki sai ya goge shi, ya lulluɓe shi da ƙyalle, in kuwa aka canja masa ofis, ya dinga kai gwauro yana kai mari ke nan har sai an bar shi ya tafi da abinsa. Ba rowa ba ce. Hannunsa ne ya riga ya san nauyin kowane harafi, ya san mai tauri da mai maƙalewa, har ya kan buga takarda guda idonsa na kan daftari, bai dubi yatsunsa ba ko sau ɗaya.

Yanzu kwamfuta ta kori tafireta daga ofisoshi, amma ba ta sallami yatsu ba. Da akawu, da ɗan jarida, da malamin jami'a, da mai tsara manhaja, duk a kan allon madannai suke wuni, watau abin nan da 'yan ofis suke kira kibod. Abin mamaki shi ne, mutum zai tsaya ya yi ta tambaya a kan ƙarfin kwamfuta da girman ma'ajiyarta kafin ya biya, amma da an zo kan allon da hannunsa zai zauna a kai sa'a shida ko takwas kowace rana, sai ya ce wa mai kanti ya ba shi kowanne ya samu.

Ni ma haka nake yi a da. A shekarun farko na aikina kusan kowace shekara sai na sayi sabon allo mai araha, domin ko dai wani harafi ya mutu, ko fentin haruffa ya goge, ko kuwa in danna sau ɗaya ya fito mini da biyu. A shekarar 2018 ne wani ɗan'uwana da ya dawo daga karatu a ƙasar waje ya bar mini wani ɗan ƙaramin allo da ya riga ya yi amfani da shi, ƙirar ƙasar Japan, mai suna Happy Hacking Keyboard, ko HHKB a taƙaice. Daga lokacin zuwa yau na canja kwamfuta sau uku, shi kuwa yana nan bisa teburina, da shi ma nake buga wannan bayani. Shi ya sa na ga ya kamata in gaya wa mai karatu abin da na gani, da daɗin da wuyar, domin kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma ba kowa ne ya dace ya saya ba.

WANDA YA ƘAGA SHI

Asalin wannan allo daga wani Shaihun Malami ne na Jami'ar Tokyo mai suna Eiiti Wada, wanda aka haifa a 1931. Yana cikin mutanen da suka yi aiki a kan kwamfutocin farko na ƙasar Japan, ciki har da wadda ake kira PC-1, da aka kammala a wannan jami'a a 1958. Ke nan kafin a shiga shekarun 1990 ya shafe fiye da shekara talatin yana ma'amala da waɗannan na'urori, ya kuwa ga irinsu da yawa sun zo sun wuce.

Abin da ya dame shi ƙarami ne a ido, amma duk mai buga rubutu ya san zafinsa. Duk sa'ad da aka kawo sabuwar kwamfuta, sai ta zo da nata allon, an matsar da wannan madanni, an ƙara wancan, an rage girman wani. Yatsun da suka yi shekaru suna koyon hanya sai su koma baƙi a gidansu. Babban misali shi ne abin da ya faru a 1986, lokacin da kamfanin IBM ya fito da allo mai madannai 101 domin ƙananan kwamfutocinsa. A allunan da suka gabace shi, madannin Control yana hagu da harafin A ne. A sabon kuwa sai aka saukar da shi can ƙasa a kusurwa, aka ba Caps Lock wurinsa, kamar yadda makullin manyan baƙaƙe yake a tafireta. Sauran kamfanoni suka bi sawu, aka ƙara madannai suka kai 104 a zamanin Windows 95, kuma wannan shi ne tsarin da kusan kowa ya sani a yau.

A 1992 Wada ya rubuta maƙala a mujallar fasaha ta wani kamfani mai suna PFU, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Fujitsu, yana kira da a mai da hankali ga yadda ake jera madannai. Bai tsaya nan ba. A 1995 ya yanka kwali ya haɗa siffar irin allon da yake so, wanda mutum zai mallaka nasa na kansa ya riƙa haɗa shi da kowace kwamfuta ya samu. Injiniyoyin PFU suka ɗauki shawarar, aka fito da na farko a watan Disamba na 1996. Guda 500 kawai aka ƙera a karon farko.

Akwai wani kwatance da Wada ya yi wanda kamfanin ya daɗe yana maimaitawa. Ya ce makiyayan shanu na yammacin Amurka, watau kaboyi da muke gani a silima, idan dokinsu ya mutu a hanya su kan bar shi nan, amma ko a tsakiyar hamada ne sai sun saɓa sirdinsu sun tafi da shi, domin doki ana samun wani, sirdi kuwa ya riga ya saba da jikin mai shi. A ganinsa kwamfuta ita ce dokin, allon madannai shi ne sirdin. Duk wanda ya taɓa shiga barga ya ga yadda ake adana tsohon sirdi a kan maratayi bayan dawakai da yawa sun shuɗe, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan magana.

Kada kalmar Hacking da ke cikin sunan ta ruɗi mai karatu. A yau idan an ambace ta sai a tuna da masu kutse da satar kuɗi ta intanet. Amma a bakin masana kwamfuta na farko ma'anarta gwanintar tsara manhaja ne da jin daɗin yin haka, kuma su aka nufa da allon tun asali.

ABIN DA AKA CIRE

Ranar da na fara ganinsa na ɗauka abin wasan yara ne. Tsawonsa milimita 294, watau bai ma cika tsawon takardar A4 ba, nauyinsa kuwa ya ɗan haura rabin kilo. Madannai 60 ne kacal a kansa. Babu rukunin lambobi na gefen dama da masu lissafi suke amfani da shi, babu layin nan na sama mai F1 zuwa F12, babu Caps Lock a wurin da aka saba, kuma, abin da ya fi tayar wa baƙo da hankali, babu kibiyoyi huɗu da ake matsar da alamar rubutu da su. Amma su madannan kansu ba a rage musu girma ba, tazarar da ke tsakaninsu daidai take da ta babban allo.

Ba a zubar da waɗannan ayyuka ba, an dai ɓoye su ne a ƙarƙashin wasu. Akwai wani ɗan madanni mai suna Fn a ƙarshen dama, kusa da Shift. Idan ka danne shi da ƙaramin yatsa, sai layin lambobi ya koma F1 zuwa F12, wasu madannai huɗu na alamomin rubutu da ke dab da hannun dama kuma su koma kibiyoyi. Control ya koma gidansa na asali kusa da A. Esc yana dab da lamba 1. Madannin sharewa kuwa an sauko da shi layi ɗaya, yana bisa Return kai tsaye, yadda ƙaramin yatsa zai kai gare shi ba tare da hannu ya tashi ba. A bayan allon akwai wasu 'yan ƙananan makunnai shida da ake sauya aikin wasu madannai da su.

Me ya sa aka cire kibiyoyi? Domin waɗanda aka yi allon saboda su ba sa bukatarsu. Masu aiki da tsarin Unix suna da manhajojin rubutu biyu da suka shahara. A cikin wadda ake kira vi, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976, da haruffan h, j, k, l ake zuwa hagu, ƙasa, sama da dama. A cikin Emacs kuwa Control ake dannewa tare da wani harafi. Ga irin waɗannan mutane Control shi ne madannin da ya fi kowane aiki bayan haruffa, don haka ajiye shi a kusurwar ƙasa tamkar ajiye randa ne a bayan gida. Mu da muke rubutu da manhajojin ofis na yau da kullum ba mu da wannan al'ada, shi ya sa mu ne muka fi shan wuya da farko.

MAKO BIYU NA FARKO

Ba zan ɓoye ba, na sha wuya, laifin kuwa na yatsuna ne da suka saba da wata hanya. Idan na yi kuskure na kai hannu zan share, sai in bugi kusurwar sama inda na saba, wata alama dabam ta fito. Idan zan koma layin baya in gyara suna, sai hannuna ya tafi neman kibiya ya faɗa kan tebur. Wata rana da yamma, ana jiran labarina a tebur ɗin edita, na fusata na zare shi na mai da tsohon allona. Da safe na sake jona shi, don kawai ina jin kunyar wanda ya ba ni.

Bayan kamar mako biyu sai na lura na daina tunanin inda kibiya take. Bayan wata biyu kuwa sai abin ya juya: idan na zauna a kwamfutar wani, ni ne nake danna Caps Lock da niyyar Control, rubutu ya koma manyan baƙaƙe. Wannan ita ce gaskiyar da mai sha'awar irin wannan allo ya kamata ya sani tun da wuri. Idan ka saba da shi, ka ɗaure kanka ke nan, ko ina za ka sai ka sa shi a jaka. Sa'ar da aka yi ita ce jakar ba ta jin nauyinsa.

Amfanin da na fara gani ba a yatsu ba ne, a kafaɗa ne. Babban allo ya kan kai santimita 44 ko fiye, kuma duk ƙarin yana gefen dama ne. Saboda haka linzamin kwamfuta ya kan koma can nesa, hannu ya yi ta miƙewa yana dawowa sau ɗaruruwa a wuni. Da ƙaramin allo kuwa linzami yana nan dab da hannu, haruffa kuma suna daidai tsakiyar ƙirji. Gajiyar da nake ji a kafaɗar dama da yamma ta ragu ƙwarai. Sai dai ban ce magani ba ne. Allon miƙaƙƙe ne kamar sauran, ba a raba shi biyu ba kamar waɗanda ake yi musamman domin masu ciwon wuyan hannu, kuma gabansa yana da ɗan tudu, har da yawa daga masu shi su kan sa ɗan katako su ɗora hannu. Wanda yake fama da ciwo ko sanyin yatsu, likita zai nema, ba kanti ba.

Sauri fa? A nan ne masu talla da masu sha'awa su kan zarce. Ni dai ban ga saurina ya ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Wanda yake buga rubutu da yatsu biyu yana leƙen haruffa, ko an ba shi allon zinariya haka zai ci gaba. Abin da ya canja shi ne kuskure ya ragu, kuma ina iya zama sa'a uku ina rubutu ban ji yatsuna sun yi tsami ba. Ga ɗan jarida, mafi yawan lokaci a wajen tunani da gyara yake tafiya, ba wajen dannawa ba.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN MADANNI

Allunan araha da suka cika kasuwa suna da wasu siraran ledoji a ciki masu zanen hanyar lantarki. Sai ka danna madanni har ƙasa, roba ta matse ledojin sun haɗu, sa'an nan harafi ya fito. Akwai kuma masu ƙarfe, irin na kamfanin Cherry na ƙasar Jamus, inda wasu ƙananan ƙarafa biyu suke taɓa juna a kowace dannawa. Duk abin da yake gogar ɗan'uwansa kuwa, wata rana zai cinye ko ya yi datti, daga nan ne harafi yake fara mutuwa ko fitowa biyu biyu.

HHKB na farko ma na roba ne irin na yau da kullum. A 2003 ne aka fito da samfurin da ake kira Professional, wanda ya yi amfani da fasahar wani kamfanin Japan mai suna Topre. Babban aikin wannan kamfani, abin mamaki, ƙera sassan jikin motoci ne da akwatunan sanyi na manyan motocin ɗaukar kaya. A nasa tsarin, ƙarƙashin kowane madanni akwai 'yar roba mai siffar ƙoƙo a kife, a cikinta kuma akwai ɗan sifirin mai tsini kamar malfa. Idan ka danna, sifirin ɗin ya matse, sai yanayin lantarkin da ke tsakaninsa da faifan da ke ƙasa ya canja, na'ura ta ji canjin ta rubuta harafi. Babu wasu ƙarafa da suke haɗuwa su rabu, kuma harafi yana fita tun madanni bai kai ƙasa ba. Nauyin dannawa giram 45 ne, zurfinta kuwa milimita 4. Sautinsa ba ƙarar nan mai kaifi ba ce ta tafireta, ya fi kama da ana ƙwanƙwasa akushi a hankali. A 2011 an fito da wani mai suna Type-S wanda aka ƙara rage masa sauti domin ofis mai jama'a.

Masu ƙera shi sun ce kowane madanni zai jure dannawa miliyan 30 ko fiye. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce ɗan jarida yana buga kalma 1,500 a rana, kowace kalma da tazararta dannawa shida, ya zama 9,000 ke nan. A kwana 300 na aiki ya zama miliyan 2 da dubu 700 a shekara, a kan dukkan madannai. A rubutun Hausa kowa ya san babu harafin da ya kai A shan aiki. To, ko da a ce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan dannawa duk a kan A ya faɗa, dubu 675 ke nan a shekara, sai an yi fiye da shekara arba'in kafin a kai miliyan 30. Mai allon zai yi ritaya allon bai yi ba.

Wannan harafi na A ya sa na lura da wani abu da bai shafi Bature ko mutumin Japan kamar yadda ya shafe mu ba. A jerin haruffan QWERTY, wanda muka gada daga tafiretar da kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874, ƙaramin yatsan hagu ne yake buga A, shi ne kuwa mafi rauni a hannu. Mai buga Hausa da yatsu goma yana ɗora wa wannan ɗan yatsa kayan da ya fi ƙarfinsa. A kan HHKB kuma an ƙara masa Control. Taushin madannan yana rage wahalar, amma nauyinsu ɗaya ne duka. Shi kamfanin Topre yana da nasa allon mai suna Realforce, wanda ya fara fitowa a 2001, kuma a wasu samfuransa an rage nauyin madannan ƙaramin yatsa zuwa giram 30. Marubucin Hausa da yake shirin kashe kuɗi mai yawa ya kamata ya san da wannan kafin ya yanke shawara.

Su kuma haruffan da ke saman madannai ba fenti aka shafa ba. Ana yin madannan ne da wata roba mai tauri da ake kira PBT, a shigar da tawada cikin jikinta da zafi, kamar yadda baba yake shiga zare a marina. Nawa har yau ba harafin da ya goge. Sai dai wannan hanya ba ta iya rubuta fari a kan baƙi, saboda haka samfurin mai launin gawayi baƙin rubutu ne a kan toka mai duhu, da ƙyar ake ganinsa, kuma babu fitila a ƙarƙashi. Ana ma sayar da wani wanda babu rubutu a kansa ko ɗaya, domin waɗanda suka ƙware.

HARUFFA MASU LANƘWASA

Tambayar da abokan aiki suka fi yi mini ita ce, ina ɓ da ɗ da ƙ? Amsa ita ce babu su a kai, kamar yadda babu su a sauran allunan kasuwa. Amma allo ba ya aika harafi, lambar madanni kawai yake aikawa, kwamfuta ce take yanke wane harafi za ta nuna. Windows yana da tsarin Hausa a cikinsa, akwai kuma manhajar Keyman da ake samu kyauta. Ni na shirya nawa yadda in na danne Alt na dama tare da b ko d ko k, sai mai lanƙwasa ya fito. Ƙanƙantar allon ba ta hana komai ba a nan, domin yana da Alt a hagu da dama. Duk wanda har yanzu yake rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi, kada ya ɗora laifi a kan allo.

TSUFA DA TSADA

Babu abin da ba ya tsufa. Sananne ne a tsakanin waɗanda suka daɗe da irin wannan allo cewa robar da ke ƙarƙashi ta kan ɗan ƙara tauri bayan shekaru masu yawa, farin kuma ya kan koma ruwan ƙwai idan rana tana dukansa. A tsofaffin samfura dogon madannin tazara da wata roba dabam aka yi shi, shi ya kan yi sheƙi inda babban yatsa yake zama. An gyara wannan a samfuran da suka fito a ƙarshen 2019. Haka nan madannansa ba sa shiga mafi yawan sauran alluna, na mafi yawansu ma ba sa shiga nasa, saboda haka in ɗaya ya ɓace sai an yi oda daga waje.

Ni babban abokin gabana ƙurar hunturu ce. Sau biyu a shekara nakan ciccire madannan, in jiƙa su a ruwan sabulu mai ɗumi, in shanya a inuwa har su bushe sarai, in share cikin allon da burushi mai laushi. Kafin in cire nakan ɗauki hotonsa, don kada in mai da wani a gidan wani. Da dare kuwa ina rufe shi da ƙyalle, kamar dai akawun da muka fara da shi. Shayi da ruwan leda ba sa hawa teburin.

Nawa mai waya ne, irin wanda aka fara fitarwa a 2006, kuma wayar ana zare ta a sa wata idan ta lalace. A 2016 aka fito da mara waya, a 2019 kuma aka fito da wanda ake kira Hybrid, mai aiki da waya ko ba waya, wanda yake iya tuna na'urori huɗu. Abin da ya burge ni shi ne batirin da aka zaɓa masa: ƙananan batura biyu ne irin na rediyo, masu lamba AA, waɗanda ake samu wurin kowane mai tebur. Wasu suna ganin wannan ƙauyanci ne a zamanin caji. Amma batirin da aka manne a cikin na'ura ya kan mutu bayan 'yan shekaru ya ja na'urar su tafi tare, abin da kuwa aka yi domin ya daɗe bai kamata ransa ya rataya a kan batir ba. A 2022 kamfanin Ricoh ya sayi mafi yawan hannun jarin PFU daga Fujitsu, a 2023 kuma aka fito da HHKB Studio, wanda ya bar fasahar Topre, aka kuma sa masa ɗan tsinken matsar da alama a tsakiyar haruffa. Jerin madannan dai bai canja ba tun 1996.

Sai maganar kuɗi. Lokacin da Hybrid Type-S ya fito a 2019, farashinsa a Japan ya haura yen 30,000, Studio kuwa ya fito a kan yen 44,000. Da wannan kuɗi mutum zai sayi allunan araha masu yawan gaske, kafin ma a zo kan kuɗin dako da canji. A 2006, domin cikar allon shekara goma, har an yi wani na musamman da aka shafe madannansa da fentin gargajiya na garin Wajima, wanda ake yi da ƙaron wata bishiya, aka sa masa yen 525,000. Wannan kam na ado ne. Amma ko na yau da kullum ɗin, da ba kyauta aka ba ni ba, ban tabbata albashina zai bar ni in saya a lokacin ba.

Wa ya kamata ya nisance shi? Akanta da ma'aji da duk wanda aikinsa shigar da lambobi ne, domin rashin rukunin lambobi zai jawo masa asarar lokaci kullum. Haka ofishin da mutum uku ko huɗu suke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya. Haka kuma wanda bai riga ya koyi bugu da yatsu goma ba, gara ya fara kashe wata guda yana koyo a kan allon da yake da shi, yatsun manuni a kan F da J inda aka yi 'yan ƙuraje domin haka. Wanda kibiyoyi kaɗai suka hana shi, akwai samfurin jerin Japan da aka fito da shi a 2008 mai ɗauke da su, kuma wasu kamfanoni da yawa yanzu suna yin ƙananan alluna masu madannai sittin da 'yan kai ko tamanin da 'yan kai a farashi mai sauƙi.

Akwai ma abin da mai karatu zai gwada yau ba tare da ya kashe kwabo ba. A kwamfutocin Apple ana iya mai da Caps Lock ya zama Control daga wurin saiti, a Windows kuwa da manhajar PowerToys ta kamfanin Microsoft, wadda kyauta ce. Ya yi mako biyu a haka yana kwafa da mannawa da adanawa, ya ga ko hannunsa zai yarda ya koma.

A makon jiya wani abokin aikina da kwamfutarsa ta ƙi tashi ya zauna a teburina zai buga ɗan gajeren labari. Bai yi minti biyar ba ya miƙe, ya ce, "Malam, ina ka kai sauran allon?" Na nuna masa Fn, ya gwada, ya girgiza kai, ya tafi ya aro babban allo a ɗakin akawu. An kuma sanar da mu cewa za a sauya mana kwamfutoci kafin ƙarshen shekara, sababbin kuwa ƙaramar kafa gare su irin ta wayar hannu. Na riga na sayi wayar da za ta shiga, tana cikin aljihun tebur.